Buluz Ɗin Delta: Yadda Gonakin Auduga Suka Koya Wa Jita Magana

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san wannan. Ranar da aka kawo sababbin ɗalibai, ba sai an tambayi kowa garinsu ba. Da yaro ya buɗe baki ya ce "mi yaf faru?" an san daga wajen Sakkwato ya fito. Wani kuma ya ce "me ya faru?" a ce wannan Kano ce ta aiko shi. Harshen ɗaya ne, amma kowace ƙasa da karinta. To, ashe kayan kiɗa ma haka suke. Jita guda mai tsirkiya 6, idan ta zauna a hannun mutanen wani wuri, sai ta ɗauki karin harshensu.

Mun fara lura da haka ne wani dare a ɗakin kwananmu na jami'a. An ɗauke wuta, zafi ya hana barci, sai wani abokinmu ya kunna wata tsohuwar waƙa a wayarsa. Sautin yana ta ƙara kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙin. Mutumin yana waƙa da wani irin Turanci da ba mu gane ko rabinsa ba, abin kiɗan kuma yana bin sa yana kuka. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce makaɗa biyu ne. Wani ya rantse cewa wannan goge ne. Da muka duba, sai ga shi mutum ɗaya ne da jita ɗaya. Sunansa Robert Johnson, an kuma ɗauki waƙar a 1936, kafin a haifi kakannin yawancinmu.

Tun daga daren nan muka shiga bin sawun wannan kiɗa. Sunansa buluz. Kalmar ta fito ne daga yadda masu Turanci suke kwatanta ƙuncin zuciya da kewa da launin shuɗi. Baƙar fatan kudancin Amurka ne suka ƙirƙire shi, kuma yana da rassa da yawa. A wannan mako za mu duba reshen da ya fi kowanne suna, wato buluz ɗin Delta: me ake gane shi da shi, me ya sa ya fito haka, kuma su wa suka gina shi.

Ina ne Delta?

Kada sunan ya ruɗe ku da Neja Delta, inda kogi yake shiga teku. Wannan Delta tana can cikin ƙasa. Wata shimfiɗaɗɗiyar fadama ce a arewa maso yammacin jihar Misisipi, tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 320, daga kusa da birnin Memfis zuwa Vicksburg. Ambaliyar shekara da shekaru ta bar mata baƙar ƙasa mai albarka, irin wadda auduga take so.

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma talakan Delta bai huta ba. Masu kuɗi suka sare dazuzzuka suka kafa manyan gandaye, 'yantattun bayi da 'ya'yansu suka zama masu noma su. Tsarin shi ne, mai gandu ya ba ka fili da bukka da alfadari da iri, ka riƙa cin bashin abinci a kantinsa. Idan kaka ta yi a raba audugar, sannan a cire bashin daga rabonka. Littafin lissafi kuwa a hannunsa yake. Iyalai da dama sukan ƙare shekara ana bin su bashi, ga dokokin wariyar launin fata da suka raba musu makaranta da wurin zama a jirgin ƙasa.

A cikin gona, mutum yakan bi bayan alfadarinsa yana jan wata doguwar murya shi kaɗai, yana lanƙwasa ta sama da ƙasa. Masu aikin gina jinga da shimfiɗa layin dogo kuma suna waƙar aiki, ɗaya ya bayar, saura su amsa, kamar yadda ake yi a gayya. A coci ma akwai nasu waƙoƙin. Da jita mai araha ta fara isa ƙauyuka ta hanyar kamfanonin da ake yi wa oda ta gidan waya, sai duk waɗannan muryoyi suka sami abokiyar tafiya.

Wajen 1903, wani baƙar fata mai ilimin kiɗa, W.C. Handy, yana jiran jirgin ƙasa da daddare a tashar Tutwiler, sai ya ji wani talaka yana kaɗa jita yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin. Daga baya ya rubuta cewa bai taɓa jin baƙon kiɗa irin wannan ba. Ba a san sunan mutumin ba har yau, amma wuƙar nan tasa ita ce alama ta farko a jerinmu.

Alamomi huɗu

Ta farko, wuyan kwalba. Idan kun dubi wuyan jita za ku ga an gitta masa ƙananan ƙarafuna kamar matakala. Yatsa ya danna nan, a sami sauti ɗaya. Ya matsa gaba, a sami na gaba da shi. Babu komai a tsakani. Muryar mutum kuwa ba ta hawa matakala, sulalewa take yi. Goge da kukuma ma haka, shi ya sa suke kuka kamar mutum. Makaɗan Delta sun nemi wannan sulalewa, sai suka riƙa fasa kwalba su goge bakin wuyanta, su zura shi a ƙaramin yatsa, ko su riƙe wuƙa ko guntun bututun ƙarfe. Idan suka ja shi a kan tsirkiya, sai sautin ya ratsa duk wuraren da matakalar ta tsallake. A nan ne ake samun sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu, waɗanda suke ba buluz ɗacinsa. Don wuyan kwalbar ya yi aiki da kyau, sukan sake ɗaurin tsirkiyoyin yadda ko ba a danna komai ba, idan aka kaɗa su tare za su ba da sauti mai jituwa. Abokinmu da ya rantse goge ne, kunnensa bai yi ƙarya ba ƙwarai.

Da yawa daga cikinsu tun suna yara suka saba da wannan. Yaron da ba shi da kuɗin jita yakan warware wayar da aka ɗaure tsintsiya da ita, ya kafa ƙusa biyu a jikin bangon katako, ya ɗaure wayar, ya cusa kwalba a ƙarƙashinta don ta yi tauri. Hannu ɗaya yana bugawa, ɗaya yana jan wata kwalbar. Wanda ya san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos yake fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba zai raina wannan makaranta ba.

Ta biyu, babban yatsa. A hannun makaɗin Delta, babban yatsan dama shi ne ganga. Yana dukan tsirkiyoyi masu kauri ba ƙaƙƙautawa, dum, dum, dum, sauran yatsu kuma suna tsinkar sirara suna fitar da karin waƙa. Ƙafa tana buga daɓen katako. Wani lokaci a finciki tsirkiya a sake ta ta mari wuyan jitar, ko a doki cikin jitar da tafin hannu. Wannan ne ya sa muka zaci mutum biyu ne.

Ta uku, jita 'yar amshi ce. Baitin buluz yawanci layi uku ne: a faɗi magana, a maimaita ta, sannan a kawo layi na uku da yake warware ta. Bayan kowane layi mawaƙi yakan yi shiru, jita ta amsa. Wani lokaci ma yakan bar kalmar ƙarshe bai faɗa ba, wuyan kwalba ya faɗe ta a madadinsa. Ku tuna yadda Mamman Shata yake jefa magana, 'yan amshi da kalangu su cafe. A Delta, mutum ɗaya ne yake yin aikin su duka.

Ta huɗu, lokaci a hannun mawaƙi yake. A littattafan koyon kiɗa za a ce muku buluz zagaye ne mai awo 12 da ake ta maimaitawa. Tsofaffin Delta ba su damu da ƙirga ba. Tunda shi kaɗai yake kiɗa, babu wanda zai jira, sai ya ja layi ya yi tsawo idan maganar ta yi masa nauyi, ko ya datse shi. Sau da yawa yakan daɗe a kan sauti ɗaya yana juya shi, ba ya gaggawar sauyawa.

Me ya sa sautin ya fito da kaushi da ƙarfi haka? Wurin da ake yin sa ne ya jawo. Daren Asabar ne kaɗai hutun manomin gandu. Sai a fitar da gadaje daga wata bukkar katako, a kunna fitilar kananzir, a soya kifi, mutane su cika ɗaki suna rawa suna surutu har asuba. Babu lantarki, babu amsa-kuwwa. Makaɗi ɗaya ne zai riƙe wannan taro, in ya kasa a nemo wani. Dole ya buga da ƙarfi, ya ware murya. Shi ya sa da kamfanin National ya fara ƙera jita mai jikin ƙarfe a 1927, wadda ta fi ta katako amo, masu hali a cikinsu suka rungume ta.

Charley Patton, uban tafiya

A bakin kogin Sunflower akwai wani gandu da Will Dockery ya kafa a 1895. A nan Charley Patton ya girma, ya kuma koyi kiɗa wurin wani dattijo mai suna Henry Sloan, wanda ba a taɓa ɗaukar sautinsa ba. Patton ɗan ƙaramin mutum ne mai muryar da ta fi ƙarfin jikinsa. Gwanin wasa ne kuma: yakan kaɗa jita a bayan ƙeyarsa, ko tsakanin ƙafafunsa, ko ya cilla ta sama ya cafe.

Ya fara shiga faifan garmaho a 1929, kuma waƙarsa "Pony Blues" ta yi kasuwa. Amma wadda ta fi taɓa mu ita ce "High Water Everywhere", wadda ya yi a kan ambaliyar 1927. A watan Afrilun shekarar nan jingar kogin Misisipi ta ɓalle kusa da Greenville, ruwa ya mamaye Delta, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa muhalli. An tilasta wa baƙar fata da yawa zama a kan jinga suna aikin ceto, ba a bar su sun tafi ba. Patton yana lissafa garuruwan da ruwa ya ci yana dukan jitarsa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta 2024, ko a hoto ne, zai gane abin da waƙar take faɗa ko bai ji Turancin ba.

Patton ya rasu a 1934. Hoto ɗaya tak aka tabbatar nasa ne. Amma matasan da suka zauna kusa da shi, irin su Howlin' Wolf, sun ɗauki salonsa sun yi gaba da shi.

Son House, mai wa'azi da jitar ƙarfe

An haifi Son House a 1902. Da farko mai wa'azi ne a coci, kuma yana ƙyamar buluz. Sai da ya kai wajen shekara 25 ya ji wani yana jan wuyan kwalba, abin ya shiga ransa. Har ƙarshen rayuwarsa zuciyarsa a rabe take tsakanin coci da ɗakin rawa, kuma ana jin wannan kokawa a muryarsa. Ba gwanin saurin yatsu ba ne. Dukan jita yake yi da dukkan hannunsa, idonsa a rufe, kamar mai sara.

Patton ne ya kai shi kamfanin Paramount a 1930. Wannan kamfani reshe ne na wata masana'antar kujeru, kuma da kaya masu araha yake buga faifansa, shi ya sa waƙoƙin suke ƙara irin wadda muka ji a ɗakinmu. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye, talaka ba shi da kuɗin faifai. Na Son House ba su sayu ba, har akwai guda da sai a 2005 aka gano kwafinsa. A 1943 ya koma birnin Rochester a jihar New York, ya yi aikin jirgin ƙasa, ya ajiye kiɗa. Sai a 1964 wasu samari fararen fata masu son tsofaffin faya-fayai suka bi sawunsa suka same shi, bai ma san ana nemansa ba. Ya koma fage yana tsoho, ya yi wasa har a Turai, ya rasu a 1988.

Robert Johnson da tatsuniyar mararraba

Son House ya sha ba da labarin wani yaro da yake maƙale musu a wajen wasa. Da sun fita shan iska sai ya ɗauki jita ya dami mutane da hayaniya. Yaron ya ɓace na wani lokaci. Da ya dawo ya karɓi jita, sai bakin kowa ya mutu. Wannan yaro shi ne Robert Johnson, wanda aka haifa a 1911.

Daga nan tatsuniya ta tashi, wai ya je mararrabar hanya da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya iya kiɗa. Har yau ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido wannan labari a garin Clarksdale. Mun san irinsa a makarantunmu: ɗalibi ya zo na ɗaya sau uku a jere, sai a fara raɗa cewa yana da laya. Abin da masu bincike suka gano ya fi sauƙi. Johnson ya koma yankin da aka haife shi, kusa da Hazlehurst, ya zauna a gidan wani gwani mai suna Ike Zimmerman yana koyo. Sukan je maƙabarta da dare su yi ta gwaji saboda can ne ba za su tashi kowa daga barci ba. Ya kuma kasance mai naci wajen sauraron faya-fayan wasu, yana tsintar dabara daga makaɗan fiyano da na birni yana mayar da ita kan jita.

Waƙoƙi 29 kawai ya bari. An ɗauki wasu a ɗakin wani otal a San Antonio a Nuwamban 1936, saura a Dallas a Yunin 1937. Ya rasu a Agustan 1938 kusa da Greenwood yana da shekara 27, ana cewa guba aka sa masa. Yau akwai duwatsun kabari uku a wurare uku masu ɗauke da sunansa. A 1961 kamfanin Columbia ya tattara waƙoƙinsa a faifai guda, samarin Ingila irin su Eric Clapton da Keith Richards suka ji suka rikice. Richards ma, da ya fara ji, tambaya ya yi wane ne na biyun da yake kiɗa tare da shi. Ashe ba mu ne farkon faɗawa wannan rami ba.

Ba maza kaɗai ba ne a fagen. Memphis Minnie, wadda aka haifa a 1897, ta girma a Walls, a gefen arewacin Delta. Ta gudu Memfis tana yarinya tana kiɗa a bakin titi, ta zo ta ɗauki waƙoƙi kusan 200, kuma maza gwanaye suna shakkar haɗuwa da ita a gasa. Waƙar da suka yi da mijinta a 1929 a kan ɓallewar jinga, "When the Levee Breaks", ita ce ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta sabunta a 1971.

Da jirgin ƙasa ya kai ta birni

A Agustan 1941, wasu masu tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax da John Work, suka isa gandun Stovall kusa da Clarksdale da na'urar ɗaukar sauti a cikin mota. Suka sami wani direban tarakta mai suna McKinley Morganfield, wanda aka fi sani da Muddy Waters. Suka ɗauke shi a bukkarsa, suka kunna masa ya ji. Ya faɗa daga baya cewa ranar ce ya tabbata zai iya, domin ya ji muryarsa ba ta da bambanci da ta waɗanda suke cikin faifai.

A 1943 ya hau jirgi zuwa Shikago. Ba shi kaɗai ba ne. Tsakanin wajen 1910 da 1970, baƙar fata kimanin miliyan 6 ne suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya suna neman aikin masana'anta. Injin tsinkar auduga, wanda aka gwada a wani gandu kusa da Clarksdale a 1944, ya ƙara kora su.

A Shikago Muddy ya tarar da sabuwar matsala. Gidajen rawa na birni sun fi bukkar gandu hayaniya, jitar katako ba ta jiyuwa. Sai ya koma jitar lantarki. Ya ci gaba da jan wuyan kwalba kamar yadda ya gani wurin Son House, amma yanzu sautin yana yanka kamar reza. Aikin da babban yatsa yake yi shi kaɗai, aka raba wa mai ganga da mai fiyano da mai busa. Da abokan kiɗa suka yi yawa kuma, dole kowa ya riƙa ƙirga awo 12 ɗin nan daidai. Haka buluz ɗin Shikago ya samu. Daga waƙarsa ta 1950, "Rollin' Stone", ƙungiyar Rolling Stones ta samo sunanta.

B.B. King, wanda aka haifa a 1925 kusa da Itta Bena, shi ma ɗan gonar auduga ne. Ya so ya iya wuyan kwalba irin na ɗan'uwansa Bukka White, abin ya gagare shi. Sai ya koyi kaɗa yatsansa da sauri a kan tsirkiya yana tura ta gefe, har ta yi kukan da yake nema. Yau kusan duk mai jitar lantarki a duniya yana amfani da wannan dabara da aka samo daga gazawa.

Maƙwabta da nasu karin

Idan kuna son ku gane Delta sosai, ku saurari maƙwabtanta. A Teksas, Blind Lemon Jefferson, wanda ya yi suna tun 1926, yakan saki dogon jerin sautuka ɗaya bayan ɗaya, sakayau, ba nauyin duka. T-Bone Walker ya ɗora wannan a kan lantarki da santsi irin na 'yan birni. A jihohin gabas kamar Carolina da Virginia, makaɗa irin su Blind Blake da Elizabeth Cotten suna tsinkar tsirkiya a tsanake, yatsa ɗaya yana tsalle tsakanin biyu, kiɗan yana da fara'a. Ko a cikin Misisipi, mutanen tuddai na arewa, irin su Fred McDowell da R.L. Burnside, sukan kafe a kan sauti ɗaya su yi ta nanata shi har mai rawa ya manta da kansa.

Ko akwai dangantaka da mu?

Akwai, amma a bi ta a hankali. Kakannin waɗannan makaɗa daga Afirka aka kwashe su. A wasu yankunan Amurka an hana bayi ganga, misali dokar South Carolina ta 1740, amma ba a hana kayan tsirkiya ba. Banjo, wanda bayi suka fara ƙerawa da ƙwarya da fata, dangin molo da garaya da gurmi ne. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya nuna a littafinsa na 1999 cewa salon mawaƙi ɗaya da abin tsirkiya ɗaya, mai lanƙwasa murya, ya fi kama da na yankinmu na savana, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Har gogen Hausa ya kawo a misalansa. Ali Farka Toure na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, ya ce da ya fara jin John Lee Hooker, ɗan Delta, ya ji kamar kiɗan ƙasarsu ne. Duk da haka, buluz a Amurka aka haife shi, daga wahalar mutanen can, bayan zuriya da yawa. Jini ɗaya ne, gida daban.

A maƙwabtanmu ma jita ta koyi wani karin. Kiɗan Buzaye na Agadas da Kidal, wanda Turawa suke kira buluz ɗin hamada, su kuma masu shi suke kira assouf, wato kewa, yana da alamominsa: tafi, da tafiyar kiɗa irin ta gangar tende, da sauti ɗaya da yake gudana a ƙasa ba ya yankewa. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kamar yaran Delta da wayar tsintsiya, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Bombino na Agadas kuwa shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar kyautar Grammy.

Aikin hutu

Abin da ya tsaya mana a rai bayan duk wannan bincike shi ne Henry Sloan. Shi ya koyar da Patton, Patton ya haska wa Son House hanya, Son House ya zama abin koyin Johnson da Muddy, daga nan abin ya game duniya. Amma babu mai rai da ya san yadda jitar Sloan take kuka, domin babu wanda ya je da na'ura ƙofarsa.

Lomax sai da mota ya iya ɗaukar na'urarsa. Wadda ta fi ta tana cikin aljihun yayyenku. A garuruwanmu akwai tsofaffin masu kukuma da gurmi da garaya, kowanne da karin ƙasarsu, kuma yawancin 'ya'yansu ba su gaje su ba. A situdiyo kuma kwamfuta ɗaya ce take yi wa mawaƙin Gusau da na Gombe kiɗa iri ɗaya. Idan hutu ya zo, ku nemi izinin iyaye, ku tafi da wani babba, ku gaishe da dattijon, ku roƙe shi ya yi muku waƙa biyu ku ɗauka. Ku rubuta sunansa da garinsu da ranar, ku tambaye shi wurin wa ya koya. Ku ba shi kwafi, ku kai ɗaya ga malaminku na Hausa.

Kafin nan, ga gwaji. Ku nemi waƙa ɗaya ta Son House, ɗaya ta Blind Blake, ɗaya ta T-Bone Walker. Ku kunna wa abokanku ba tare da kun faɗi suna ba, ku ce su nuna wanne ne ɗan Delta. Ku rubuto mana yadda gardamar ta ƙare.